Wata goma sha huɗu ina fita da jaka kullum, alhali an sallame ni daga jami'a

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan abun ina fasawa, sai satin da ya wuce wani yaro ɗan unguwarmu da ke aji biyu a jami'a ya tare ni bayan isha'i, ya ja ni gefe ya ce Yaya don Allah ko ka san wanda zai iya "gyara" min sakamako, lissafi ya kayar da ni sau biyu kuma a gida ba su sani ba. Wallahi sai na ji kamar ni ne nake magana shekara tara baya. Ban iya ce masa komai ba a daren, na ce ya dawo gobe. To ga abun da na gaya masa, na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya ko wani ma zai amfana.

Ni haifaffen Agege ne, nan aka yanke min cibiya. Babanmu mutumin wajen Kura ne a Kano, ya biyo motar tumatir ya zo Ikko tun yana saurayi, daga dako ya zama yaron dillali har ya zama dillali mai kansa a kasuwar Mile 12. Bai yi boko ba ko na kwana ɗaya, ajami yake rubutawa a wani dogon littafi mai baƙin bango. Ni ne ɗansa namiji na fari kuma sunan mahaifinsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Babana yake ce min. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Matsalata da lissafi ba a jami'a ta fara ba, tun JSS 1 ne. Ranar da aka fara farakshan na yi zazzaɓi na kwana goma, da na dawo an wuce, malamin kuma mai bulala ne, in ka ɗaga hannu ka ce ba ka gane ba kai za a fitar gaban allo a yi ta dariya. Sai na koyi zama a baya in kwafa. Haka na bi aji aji, ina haddace hanyar aiki kamar karatun allo ba tare da na san me ya sa ake yin ta ba. Da WAEC ta zo a 2012 abokai suka ce akwai wata makaranta da ake biyan kuɗi a yi rajista, ranar jarabawa a rubuta amsa a allo. Na ce wa Baba kuɗin lesin ne. Na fito da B3 a lissafi, ni da ban iya haɗa rabi da sulusi ba. Har walima Inna ta yi, ta soya waina aka raba wa maƙwabta.

Jiyoloji kuma ba don na san mene ne na zaɓe shi ba. Wani da ke zuwa majalisar su Baba ne ya ce masu karanta ilimin duwatsu su ne kamfanonin mai ke ɗauka suna biyan su da dala, shikenan magana ta zauna. A JAMB na ɗauki fizis da kemistiri da bayoloji na kauce wa lissafi, a zatona mun rabu ke nan. Na samu gurbi a wata jami'a a nan Legas, yajin aikin ASUU na 2013 ya riƙe mu daga Yuli har Disamba, sai farkon 2014 muka shiga aji.

Satin farko na ga abun da ban taɓa gani ba. Zaure ɗaya ɗalibai sun fi ɗari biyar, wasu a tsaye wasu a kan taga, lakcara yana can ƙasa da makirfo mai shaƙewa, in wuta ta ɗauke sai dai ka kalli bakinsa. Kwas ɗin lissafi biyu ne dole ga duk ɗan kimiyya a shekarar farko, na farko aljebra da tirigonometiri, na biyu kalkulas. Mutumin nan zai rubuta layi ɗaya ya ce a fili yake cewa, ya tsallake layi huɗu ya rubuta amsa. Ni layi huɗun nan da yake tsallakewa su ne duk abun da ban sani ba tun JSS.

Kuma ga wani abu da sai wanda ya yi karatu a kudu zai gane. A dipatman ɗinmu a ajinmu ni kaɗai ne Bahaushe. Tun ranar farko sunana ya koma aboki, ba da mugunta ba gaskiya, yawancinsu mutanen kirki ne, har abinci muke ci tare. Amma ni a raina na ɗora wa kaina cewa in na ɗaga hannu na yi tambayar da ta nuna ban iya abun yara ba, ba ni kaɗai za a raina ba, cewa za a yi ai dama aboki ne, me ya kawo shi nan bai tsaya a kan shayi ko babur ba. To sai na zama mai gyaɗa kai. Ana tutoriyal kyauta a masallacin makaranta duk Asabar, 'yan aji huɗu ke koyarwa, sau ɗaya na je na ga 'yan mata suna warware abun da ni ko karanta shi ban iya ba, ban sake komawa ba. Na ce wa kaina hanya ta yi nisa, gosulo ya yi yawa.

Ga wanda bai san yadda ake lissafin CGPA ba bari in yi bayani, don ni ma sai da ta cinye ni na gane ta. A lokacinmu A maki 5 ce, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuma sifili. Kowane kwas yana da nauyinsa, yunit 2 ko 3, sai a ninka maki da yunit a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi rajista. Muguntar F ita ce ba ta kawo komai a sama amma yunit ɗinta na nan zaune a ƙasa ana rabawa da shi. Simesta ta farko na yi rajistar yunit 18, na samu F a yunit 6, E a 6, D a 3, C a 3. Ka tara, 21 ne, ka raba da 18, ya ba ka 1.17. Kuma kwas ɗin da ka faɗi ya zama kariyoba, baɗi za ka sake ɗaukarsa a kan sabbin kwasakwasai, lokacin lakcarsa na cin karo da na ajinka, ka ga kaya ya ƙaru a kan jakin da dama ɗingishi yake. Da Baba ya tambaye ni ya jarabawa na ce Alhamdulillah. Ya ce madalla Babana, Allah ya yi albarka.

Abun da ya fi min ciwo har yau shi ne a aji biyu na kamu da son jiyoloji da gaske. Ranar da aka fara ba mu ma'adinai a hannu a ɗakin gwaji aka koya mana sikelin Mohs, daga 1 zuwa 10, talk ne mafi laushi daimon mafi tauri, farcenka yana wajen 2 da rabi saboda haka zai karce jipsom amma ba zai karce kalsait ba, kwaz kuma 7 ne yana karce gilashi. Aka miƙo min wani dutse mai nauyi mai ƙyalli kamar azurfa aka ce galena, na juya shi na ce kai wannan ai tozali ne, shi kakata ke niƙawa ta yi kwalli. Lakcaran ya ce to ka gaya mata dalma ce a cikinsa, ya ba mu labarin Zamfara a 2010, yadda ake kawo duwatsun zinare cikin gida ana niƙawa ƙurar dalma na tashi, yara sama da 400 suka rasu. Ranar ban yi barci da wuri ba. Karo na farko ke nan da na ji karatun boko ya taɓo gidanmu.

Aka kai mu fita. Legas ba ta da dutse, duk yashi ne da laka da ruwa ya shimfiɗa, in kana son ganin dutse na asali sai ka hau zuwa Abeokuta, sunan garin ma ma'anarsa ƙarƙashin dutse, ka ga giranit na Olumo da ƙwayoyin kwaz da felsfa da mika a jikinsa. A hanya akwai Ewekoro inda ake fasa dutsen siminti, ka ɗiga masa asid ya yi ta kumfa, ka duba da kyau ka ga ɓawon dodon koɗi da sauran halittun ruwa a daskare a ciki, wato wurin nan da kake tsaye teku ne a da, shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce. Na tsaya da guduma a hannu ina ta subhanallah. A irin waɗannan kwasakwasan na gani da ido da haddacewa har B na samu.

Amma lissafi yana laɓe yana jirana a kowace kwana. Kiristalogirafi, wato nazarin siffar ƙwayoyin ma'adinai, lissafi ne. Taswira lissafi ce. Shimfiɗar dutse ba a kwance take ba yawanci, a karkace take, za ka auna inda ta miƙa da kuma digirin karkatarta da kamfas, daga nan a ce ka fitar da kaurinta na gaskiya. Tambayar da ba zan manta ba a wani tes: faɗin shimfiɗa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mita 100, ta karkata digiri 30, nawa ne kaurinta. Abun kawai ka ninka 100 da sayin 30 na tirigonometiri, wato sin 30 a kalkuleta, sayin 30 kuma rabi ne, amsa mita 50, ɗan SS 1 ya san wannan. Ni na haddace hanyar, na danna kalkuleta ta aro wadda ashe an saita ta a wani ma'aunin kusurwa daban, radiyan, ba digiri ba, ta ba ni -98.8, na rubuta hankalina kwance na ja layi biyu a ƙasa. Malamin ya zagaye da jan biro ya rubuta min a gefe wai a wace duniya dutse ke da kauri ƙasa da sifili, ka zo ka same ni. Ban je ba. Mutumin nan da kansa ya buɗe min ƙofa, na bi ta bayan ofishinsa na wuce don kar mu haɗu.

Kalkulas na faɗi sau biyu, aljebra sau biyu, fizis na biyu ma haka. Aka sa ni a furobeshan, wato gargaɗi, in CGPA ba ta tashi ba a sallame ka. Na shiga aji uku da kariyoba kamar kayan ɗan koli, ga jiyofizis ya shigo wanda shi kam lissafi ne tsagwaronsa. Wajen Agusta 2016 aka liƙa takarda a allon dipatman, lambata ce ta huɗu a jerin waɗanda aka shawarta su janye. Kalmar ma da ladabi, wai shawara. Na karanta ta ya fi sau goma ko lambar za ta canza.

Na hau danfo da niyyar in na isa gida zan faɗa. To amma ku tuna wace shekara ce 2016 ga mutanen Mile 12. A watan Maris aka yi rikicin nan da aka rasa rayuka gwamnati ta rufe kasuwar kusan sati biyu, kaya suka ruɓe a cikin motoci. Ba a farfaɗo ba tsutsar tumatir ɗin nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, tumatir ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba kuma babu shi, dillali kuwa da la'ada yake ci, in ba kaya ba la'ada. Manoman da Baba ya ba bashin taki da iri ba su da abun biya. Na shigo na same shi zaune a tabarma ya tasa littafinsa a gaba ya yi tagumi, ya ɗago ya gan ni sai ya yi murmushi ya ce Babana an dawo, saura shekara ɗaya ko, ka gama ka ɗauke min wannan kayan. Na ce eh Baba, in sha Allah.

Daga wannan eh ɗin na shiga wata goma sha huɗu da ba na fatan maƙiyina ya shiga. Kullum in yi wanka in goge riga in ɗau jaka, Inna ta ba ni kuɗin mota wani lokaci har da ɗumame a leda, in fita. Ina zan je? Wata rana in zauna a wani masallaci a Ikeja daga walaha har la'asar ina kwance ina kallon fanka. Wata rana in bi titin jirgi da ƙafa har Oshodi in hau gada ina kallon mutane, kowa yana sauri yana da inda za shi. Ina guje wa Idi-Araba da Alaba Rago da duk inda zan haɗu da wanda ya san Baba. Na koyi ƙarya iri iri, na san lokacin da ake jarabawa sai in riƙa tashi da dare ina kunna tocila a kan tsohon handawut don a gan ni. Na rame, abinci ba ya min daɗi, sallah ma ina yi ne kawai amma in na ɗaga hannu zan yi addu'a sai kunya ta kama ni. Akwai ranar da na tsaya a kan gadar nan na yi wani tunani da ba zan rubuta shi ba, Allah ne ya sa wani tsoho mai sayar da goro ya ce min da Hausa samari matsa in ajiye faifaina, muryarsa ce ta dawo da ni.

Mafi muni shi ne kuɗin makaranta. Sabon zango ya zo, Baba ya sayar da abun da ya sayar ya ƙirgo min naira dubu 80, na rajista da na fita daji da littattafai. Na sa hannu biyu na karɓa. A lokacin ana yayin wani tsarin zuba kuɗi na intanet mai alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata, kowa a Legas maganarsa yake, na ce bari in zuba in juya su in samu jari, ranar da zan faɗi gaskiya aƙalla in zo da wani abu a hannu. Ban cika wata ba aka rufe asusun kowa a Disamba. Daga baya da na iya lissafi na zauna na buga, kashi 30 duk wata in ana mayar da riba ciki, a shekara kuɗinka ya ninka sau 23 ke nan, dubu 80 ta koma sama da miliyan 1 da dubu 800. Wace sana'a ce a duniya ke haifar wannan? Da na san abun da ake koyarwa a kwas ɗin da na faɗi sau biyu da ko kallonsu ban yi ba.

Asiri ya tonu a Oktoba 2017. 'Yan ajinmu suka fara sa hotunan kammalawa a Facebook, ƙanwata da ke SS 2 ta gani a wayar ƙawarta, ta same ni a soro ta ce Yaya ina naka hoton. Na buɗe baki zan yi ƙaryar da na saba sai kawai kuka ya zo, ƙato da ni. Ita ta kama hannuna ta kai ni wajen Inna. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce kai yanzu duk ɗumamen nan da nake ba ka a masallaci kake ci, sai ta fashe da kuka ita ma. Da dare ta faɗa wa Baba.

Bai dake ni ba, bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Kwana uku in na gaishe shi sai ya amsa da lafiya kawai, ba Babana. A rana ta huɗu ƙarfe huɗu na asuba ya buga ƙofar ɗakina ya kira ni da sunana na yanka, karo na farko a rayuwata da na ji shi a bakinsa, ya ce tashi mu tafi kasuwa. A mota ya ce min magana ɗaya: faɗuwa ba ta dame ni ba, ni ma na sha faɗuwa, mota guda ta taɓa ruɓe min. Amma ni in kaya ya fara lalacewa da safe nake faɗa wa mai shi, ba na bari sai ya yi wari.

Na zama malamin rubutunsa. Mota ta iso daga Kadawa ko Danja ko Zariya bayan kwana biyu ko uku a hanya, in ƙirga kwanduna, in rubuta na wane ne, kuɗin mota, kuɗin 'yan dako, la'ada, wa ya biya wa ya ɗauka bashi. A nan na ga abun mamaki, mutumin da bai san dy/dx na kalkulas ba yana yin sa a ka. Tumatir ba ya jira, farashin ƙarfe shida daban na ƙarfe goma daban, in rana ta take ya fara zubar da ruwa sai dai a sayar wa masu abinci a matsayin wanda Yarbawa ke kira esha. Baba ba ya tambayata nawa ake sayarwa yanzu, tambayarsa ita ce da wane sauri yake sauka. In daga shida zuwa bakwai kwando ya rage ɗari biyar, daga bakwai zuwa takwas ya rage dubu, sai ya ce saukar tana ƙara gudu, akwai motoci a hanya da ba mu gani ba, a sake kaya yanzu. Wata rana ina tsaye da biro sai abun ya faɗo min, kai, wannan ai shi ne abun da lakcaran nan ke ta ihu a makirfo, saurin canjin abu a daidai wani lokaci. Shekara uku ana gaya min da x da y ban ji ba.

A 2018 na ce zan koma karatu na ƙarshen mako, da kuɗina na la'ada, kuma ikonomis zan yi. Gaskiya har a lokacin da sauran wauta, na ɗauka ikonomis surutu ne kawai na kasuwa, na gudu daga lissafi. Simesta ta biyu sai ga shi ya shigo da sallama, lissafi don masu nazarin tattalin arziki. Tambayar farko a asamen: farashi P = 100 - 2Q, Q shi ne yawan kayan da ka sayar, kowane ɗaya kana kashe 20 wajen samar da shi, guda nawa za ka sayar ka fi samun riba. Na gane tambayar sarai don kullum ita muke yi, in ka zubo kaya da yawa farashi ya faɗi, in ka riƙe ka yi ciniki kaɗan. Amma hannuna ya kasa. Na zauna ina kallon takardar, na ji tsohon tsoron nan yana tasowa, har na fara tunanin wa zan ba kuɗi ya yi min.

Ƙanwar nan tawa ce ta leƙo ta ce Yaya kawo in gani. Ta ce kafin wannan, rabi a haɗa da sulusi nawa ne. Na ce biyu bisa biyar. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta ce Yaya ka tuna darasin gado a Islamiyya, sudusi nawa ne a cikin rabi, na ce uku, a cikin sulusi fa, na ce biyu, ta ce to tara, na ce sudusi biyar. Biyar bisa shida. Wallahi ina da shekara 24 ranar na fahimci dalilin da ya sa ake nemo lamba ɗaya a ƙasa kafin a haɗa. Washegari na je bakin titi inda ake sayar da tsofaffin littattafai na sayi na lissafi na JSS 1 da 2 da 3, na naɗe su da takardar siminti don kar a gani, daga baya ma na cire takardar. Duk dare bayan isha'i awa ɗaya, ita a kan kujera ni a ƙasa, farakshan, alamar ragi in ta haɗu da ragi, buɗe baka, sauya gefe. Wata bakwai muka yi. Yaran gida suna leƙe suna cewa Yaya na karatun 'yan JSS, na ce eh shi nake yi.

Tambayar can kuwa da na koma mata ba ta kai minti biyar ba. Kuɗin shiga 100Q - 2Q², ƙarin da kowane ɗaya ke kawowa 100 - 4Q, ka daidaita shi da 20, Q ta zama 20, farashi 60, riba 800. Na samu C a kwas ɗin, kuma na fi alfahari da C ɗin nan a kan B3 ta WAEC sau dubu. Na koma zama a layin gaba, ina tambaya har 'yan aji su fara tsaki, wani lakcara ma in ya gama bayani sai ya juyo ya ce malam ka gamsu. Istatistiks da ikonometiriks sun ba ni wuya ba ƙarya, ɗaya na sake shi, amma a ranar da sakamako ya fito na faɗa a gida.

Lokacin da 'yan ƙungiyar masu kayan abinci da shanu suka tsayar da kai kaya kudu a ƙarshen Fabrairu 2021, muna cikin karatun yadda buƙata ke amsa canjin farashi, sai ga shi a gabana ba a littafi ba. Cikin kwanaki tumatir da tattasai suka yi tashin gwauron zabi a Legas, a can gida kuma suna zube ba mai saye manoma na kuka. Na lura masu gida da yawa sun koma tumatirin gwangwani da na leda, amma attaruhu ko ya ninka sai an saya ko kaɗan ne, don miyar Bayarabe ba ta yiwuwa ba yaji. A kan wannan na rubuta furojet ɗina daga baya, da alƙaluman littafin Baba na shekara shida da na mayar daga ajami zuwa kwamfuta. Na gama a 2023 da 2:2, korona ta ci mana kusan shekara.

Jiyoloji ma bai tafi a banza ba duk da ba ni da takardarsa, kuma har yanzu in na ga tsofaffin 'yan ajinmu da hular kwano a wajen aiki wani abu na sukata, ba zan ɓoye ba. Da 'yan garinmu na can Kura suka haɗa kuɗi za a haƙa wa masallaci burtsatse, na ce kar su yi irin na Agege inda kusan duk inda ka huda yashi za ka tarar da ruwa, can ƙasan dutse ne, ruwa yana cikin tsaga da inda dutsen ya rududduge, a fara kiran masu awo da na'ura tukuna. Suka ji, aka matsa daga inda suka so zuwa bayan makarantar allo.

A Disamba 2023 na haɗa naira dubu 80 cif na sa a ambulan na kai wa Baba bayan sallar asuba, na ce Baba kuɗin nan ne na 2016. Na ɗauka zai ce haba bar shi. Ina, ya karɓa ya lashi yatsa ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya jawo baƙin littafin ya buɗe can baya, ashe tun lokacin ya rubuta su a shafin masu bashi. Ya ɗago ya ce Babana, kai da ka karanta tattalin arziki, litar fetur nawa ce ranar da na ba ka kuɗin nan. Na ce 145. Ya ce yau fa. Na ce ta haura 550. Ya ce to buga min. Na buga a waya, lita 551 da 'yan kai, kuɗinsu yau ya haura dubu 300. Ya rubuta dubu 80 a gefe da ajaminsa, bai soke layin ba, ya rufe littafin ya ce saura su zo kafin azumi.